Daga Gayya zuwa 'Yan Agaji: Masu Ɗauke da Tarukanmu a Ƙasar Katagum

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Sarkin Katagum ranar hawan sallah ya san abin da ido ke fara kamawa: laima, rawuna, 'yan lifidi, ƙarar kakaki da bindiga. Amma kafin doki ɗaya ya fito, akwai wanda ya nemo masa harawa da dusa, akwai wanda ya gyara sirdi da linzami, akwai wanda ya share hanya ya yayyafa ruwa, akwai kuma wanda zai wuni cikin rana riƙe da igiya don kada yara su faɗa ƙarƙashin kofato. Mafi yawansu ba a biyansu ko sisi. Tarihin waɗannan mutane muke so mu ɗan bi yau.

Malam Ibrahim Zaki ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa garin Katagum wajen 1814. Shekara goma bayan haka, a Janairun 1824, Baturen nan Clapperton ya sauka a garin zamanin Sarki Ɗankauwa, ya tarar da shi kewaye da ganuwa biyu da ƙofofi huɗu. Ganuwa irin wannan ba ta tsayuwa sai da hannun jama'a, kuma bayan kowace damina sai an sake yaɓe inda ruwa ya ci. A nan dai kada mu yi wa tarihi kwalliya. Wannan aiki ba duka na ganin dama ba ne. Akwai umarnin sarki a ciki, akwai kuma gumin bayi. Wanda ya fi kama da abin da muke kira aikin sa kai a yau shi ne gayya.

Gayya kuwa tana da dokarta, ko da ba a rubuce ba. Mai gona ko mai ginin ɗaki ya gaya wa sarkin samari, shi kuma ya zagaya ya sanar. Mai gayya ya tanadi fura da tuwo da goro, makaɗi ya zo da gangar noma, a yi aikin mako cikin wuni guda. Ba a biyan lada, amma ana lissafi. Wanda ya saba noƙewa, ranar da tasa ta taso sai ya ga kansa shi kaɗai da fartanyarsa. Kuma samarin da suka yi layi a gona da damina, su ne da kaka ke share dandali, su kafa da'ira, su raba faɗa idan dambe ko kokawa ta yi zafi. Shugabancin wasa da na aiki duk a hannu ɗaya suke.

Shi kansa hawan sallah asalinsa duba rundunar yaƙi ne: hakimi ya zo da dawakinsa da mutanensa ya yi jahi gaban sarki, a ga ƙarfinsa da biyayyarsa. Da Turawa suka ci ƙasar nan a 1903, daga baya kuma hedikwatar masarauta ta dawo Azare, sai yaƙi ya tafi, hawa ya zauna. Wannan ne ya jawo wa mutanen Azare wani nauyi da ba a cika ambata ba, wato saukar baƙi. A wancan zamani hakiman Shira da Chinade da Gamawa da Sakwa da Itas da Gadau ba su zuwa su kaɗai. Kowanne da mahaya da zagage da makaɗa da masu kula da dawaki. Dattawanmu suna ba da labarin yadda gidaje ke buɗe zaurukansu, mata su kwana a bakin murhu, yara su yi ta jigilar ruwa daga rijiya zuwa turke. Daga irin wannan masauki aka ƙulla zumuncin da har gobe wasu gidajen Azare ke riƙe da shi da dangin ƙauyuka, wani ya kai ga aure, wani ga cinikin gyaɗa da shanu. Mu a ganinmu, wannan saukar baƙi ta haɗa kan ƙasar Katagum fiye da duk wata takardar En'e.

Sai 1976 ta zo da canji biyu: aka ƙirƙiro Jihar Bauchi, aka kuma yi gyaran ƙananan hukumomi wanda ya rufe babin En'e. Tun kafin nan an riga an karɓe 'yan doka da kotuna da gidan yari daga hannun sarakuna. Fada ta rage da martaba amma ba baitulmali, ba kuma ikon tilasta wa kowa fitowa aiki, alhali gari na ƙara cika. Ƙungiyoyi ne suka toshe wannan giɓi. Jama'atu Nasril Islam da aka kafa a 1962 tana da 'yan agajinta, haka Fityanul Islam, haka Izala da ta fito a 1978, ga 'yan sikawut na makarantu da Red Cross da 'yan sintirin unguwa. Tela da kafinta da ɗan acaɓa su ɗinka kaki da kuɗin aljihunsu, su koyi fareti da ɗaure rauni da tsara sahu. An sha saɓani tsakanin waɗannan ƙungiyoyi, kowa ya sani, har wani lokaci kowa da filin idinsa. Amma idan doki ya ka da yaro, ba mu taɓa jin an tambayi uban yaron ɗan wace ƙungiya ne kafin a ɗauke shi ba.

Ta fannin wasanni, babban birnin jiharmu ya ga manyan taruka: gasar matasa ta duniya a 1999 da ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009, duk an buga wasu wasanninsu a filin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Waɗancan na hukuma ne. Namu na Azare shi ne ƙwallon unguwa, inda babu ko kwabon gwamnati. A yi karo-karo a sayi jesi, a ja layin fili da toka, wani malamin firamare ya busa usur kyauta, wani dattijo ya zauna gefe don kawai a ji kunyarsa idan rai ya ɓaci. Yawancinmu a nan muka fara sanin menene ma'aji, menene rubuta bayanin taro, da yadda ake gaya wa aboki cewa kuɗin kulob ba nasa ba ne. Kulob ɗin unguwa kuma shi ne wurin da ake fara bugawa waya idan ana neman jini cikin dare a asibitin tarayya.

Amfanin duk wannan ya fito fili a ƙarshen 2014, lokacin da bama-bamai suka tashi a Azare a watannin Oktoba da Nuwamba, a tashar mota da bakin banki da kasuwar waya. Waɗanda suka fara kwasar masu rauni, waɗanda daga baya suka tsaya ƙofar masallatai da kasuwanni suna binciken masu shiga, fuskokin da muka saba gani ne a bakin igiyar hawa da gefen fili. Ba a ranar aka koya musu ba. Sun riga sun san juna, sun san wa ke ba da umarni, jama'a kuma sun saba bin maganarsu.

Abin da ke damunmu yanzu shi ne ambulan. Gasar cin kofi ta fara zama abin da ke tsirowa gab da zaɓe da sunan ɗan takara, ta ɓace bayan an rantsar. Yaron da aka saba miƙa wa kuɗin mota don ya cika taro, da wuya ya fito sharar filin idi don Allah, kuma daga cikin irin waɗannan yaran da ba su da kulob ba su da kaki 'yan sara-suka ke samun mabiya. Ba mu ce kada mai hali ya taimaka ba. Ya sayi ƙwallo da raga, ya sayi igiya da akwatin magani, ya aiko da ruwan sha ga masu tsayuwa cikin rana, a shigar da shi littafin ma'aji kowa ya gani. Karo-karon ƙungiyarmu na sallar bana ma a kan waɗannan za mu kashe shi, kuma littafin rajistar masu son tsayuwa a hanyar hawa da masu sharar washegari yana hannun sakatare.