Tantance Haɗarin Harhaɗaɗɗiyar Manhaja da Na'ura: Abin da Ya Shafi Masu Waya a Udubo da Ƙasar Katagum

Tsakure

Maƙalar nan tana jayayya da masu ganin cewa duba rubutun asali na manhaja ya isa a tabbatar da amincinta. Ta hanyar nazarin aukuwa uku da aka tabbatar, ta nuna cewa dole a auna manhaja a siffar da ta iso hannun mai waya, kuma na'ura ce kaɗai za ta iya wannan aiki da yawan da ake buƙata.

Gabatarwa

A Udubo da ke ƙaramar hukumar Gamawa, kamar a Azare, waya ta zama banki da wurin ajiyar sirri. Manhajar da ke cikinta kuwa takan zo ne ta Xender daga wayar aboki, ko daga shagon mai gyara idan an kai filashin. Duk wannan manhaja harhaɗaɗɗiya ce, wato an riga an juya ta zuwa harshen na'ura, kuma babu rubutun asali da ya biyo ta.

Bitar Ayyukan Magabata

Tun a 1984 Ken Thompson ya nuna cewa za a iya gurɓata manhajar harhaɗawa ta dasa ɓoyayyiyar ƙofa ba tare da alama a rubutun asali ba. Duk da haka, umarnin shugaban Amurka mai lamba 14028 na Mayun 2021 ya ba da ƙarfi ga jerin sassan da mai ƙira ya ce ya yi amfani da su. Wannan jeri shaida ce da mai kaya ya bayar a kan kayansa, kuma ba ta isa hujja ba. A ɗaya ɓangaren, gasar DARPA ta 2016, wadda na'urar Mayhem ta lashe, ta tabbatar cewa na'ura na iya gano ɓaraka a harhaɗaɗɗiyar manhaja ba da hannun mutum ba. A 2019 kuma hukumar NSA ta Amurka ta saki Ghidra, manhajar warware harhaɗaɗɗiyar manhaja, kyauta.

Hanyar Bincike

An kwatanta rahotannin aukuwa uku da tambaya ɗaya: a wane mataki cutar, wato muguwar manhaja, ta shiga?

Sakamakon Bincike

A manhajar kamfanin SolarWinds, a 2020, an cusa cutar ne lokacin harhaɗawa, ta fito ɗauke da hatimin kamfanin, ta isa ga abokan ciniki kimanin 18,000. A manhajar xz, a Maris 2024, an ɓoye ta cikin fayilolin gwaji, sai da wani injiniya, Andres Freund, ya lura da jinkiri a kwamfutarsa asiri ya tonu.

Ta uku ita ta fi kusa da mu. A Agustan 2020, sashen Secure-D na kamfanin Upstream ya bayyana cewa an samu miyagun manhajoji Triada da xHelper a wayoyin Tecno W2 kimanin 53,000 a ƙasashen da suka haɗa da Habasha, Ghana da Kamaru. Wayoyin sun fito daga kwali da cutar a jikinsu. Aikinta shi ne yi wa mai waya rajistar hidimomin kuɗi ba da saninsa ba, kati da data su riƙa zurarewa. xHelper kuma takan dawo ko an goge wayar baki ɗaya. Kamfanin Transsion mai ƙera Tecno ya ce wani mai samar masa da sassa ne ya shigo da cutar, kuma ya fitar da gyara. Google ma ta bayyana a 2019 cewa ta irin wannan hanya Triada ke shiga.

Abin lura shi ne, ma'aunin CVSS da ke ba da maki daga 0 zuwa 10 an gina shi ne don kurakuran manhaja. Manhajar da aka ƙera da mugun nufi tana iya zama ba ta da kuskure ko ɗaya, tana aikinta daidai. Saboda haka tantancewar da ta dace da yankinmu sai ta bi mataki uku: a gwada zanen yatsan fayil da na asalin kamfani, a warware shi a ga izinin da yake nema, sannan a kunna shi a killataccen wuri a ga wa yake aika wa saƙo. Makin wannan tantancewa kuma ya kamata ya yi nauyi inda talaka ke cutuwa, wato karanta saƙon lambar sirri ta banki da cin kati.

Iyakokin Bincike

Gaskiya ne ƙa'idar Rice ta 1953 ta nuna babu na'urar da za ta gane halin kowace manhaja, kuma wata cutar takan yi lamo idan ta gane gwaji ake yi. Binciken kuma bai buɗe wayoyin Udubo ba. Wannan bai rushe hujjar ba.

Kammalawa

Ya kamata hukumomin NITDA da NCC su haɗa kai da jami'ar jiha da ke Gadau a kafa cibiyar tantancewa wadda mai gyaran waya zai tura wa fayil kafin ya ɗora shi, amsa ta zo masa da Hausa. Manhajar da ba a auna ta a siffar da ta iso ba, ba a auna ta ba.