Tafkin Tabalak: hutun kwana biyu a bakin ruwa da kuɗi kaɗan

Tabalak gari ne da ke cikin gundumar Abalak ta jihar Tawa, kimanin kilomita 50 arewa maso gabas da birnin Tawa, a kan babbar hanya mai lamba 25 da ta nufi Agadas. An san shi da tafkinsa, wanda yana cikin ruwaye mafi girma a arewacin Adar, kuma a yawancin shekaru ba ya ƙafewa gaba ɗaya ko da bazara. Ga mazaunin Tawa da ke son ya huta a bakin ruwa, ya ci kifi ɗanye da aka kamo a ranar, ya kuma yi ƴar sayayya, Tabalak ne wuri mafi kusa kuma mafi araha.

Me ya sa Tabalak

Nijar ba ta da teku. Tsibiran da take da su suna cikin kogin Kwara ne da tafkin Cadi. Akwai tsibirin da ke daura da garin Bubon, kusa da Yamai, inda mutanen babban birni suka saba zuwa shaƙatawa, akwai kuma tsibirin Lete a yankin Gaya, wanda Kotun Duniya ta Heg ta tabbatar wa Nijar a ranar 12 ga Yuli 2005 bayan doguwar taƙaddama da Benin. Sai dai daga Tawa zuwa Yamai tafiyar sama da kilomita 500 ce, ga kuɗin mota zuwa da dawowa, ga na masauki. Zuwa bakin teku a Kwatano ko Lome kuwa ya ƙara tsada da wuya tun da aka rufe iyakar Nijar da Benin a 2023.

Adarawa mutane ne masu tafiye-tafiye. Da wuya a samu gida a Tawa da ba shi da wani a Abijan, ko Legas, ko Libiya. Amma wannan tafiya ta nema ce. Ma'aikaci, ko malamin makaranta, ko ɗan kasuwa da ya samu Asabar da Lahadi, abin da yake buƙata shi ne wurin da zai je da iyalinsa da safe ya dawo ya kwana a ɗakinsa. Tabalak ya cika wannan sharaɗi.

Tafkin da mutanensa

Ruwan tafkin na sama ne. Daminar yankin gajera ce, daga Yuni zuwa Satumba, amma idan aka yi ruwa, ƙoramu na kwaso shi daga tuddai da duwatsun da ke kewaye su zuba a cikin kwarin. Tafkin dogo ne, ya miƙe tare da hanya har wajen ƙauyen Kehehe. Yana cika maƙil a ƙarshen damina, sannan ya riƙa janyewa a hankali har zuwa faɗuwar ruwan wata shekara.

A ranar 16 ga Satumba 2005 aka saka tafkin Tabalak cikin jerin wuraren dausayi masu muhimmanci ga duniya, ƙarƙashin yarjejeniyar da aka rattaba wa hannu a birnin Ramsar na ƙasar Iran a 1971, wadda Nijar ta shiga a 1987. A rana guda aka saka tafkin Ɗan Dutsi, shi ma a jihar Tawa. Ɗaya daga cikin dalilan hakan shi ne tsuntsaye. Ban da balbela da zalɓe da agwagin ruwa na gida, akwai tsuntsayen da ke gudun sanyin Turai, su ƙetare teku da hamadar Sahara, su sauka a nan su ci su huta.

Hausawa da Abzinawa da Fulani ne ke zaune a kewayen tafkin, kowa da abin da yake samu a cikinsa. Masunta na kama tarwaɗa da karfasa da giwan ruwa. Manoman rani na bin ruwan yayin da yake janyewa, suna shuka albasa, tumatir, tattasai, dankali da rogo a ƙasa mai laima. Makiyaya na kawo shanu da raƙuma da tumaki su sha. Saboda haka baƙo ya sani cewa wurin neman abincin jama'a ya zo. Kowane fili da ya gani a bakin ruwa yana da mai shi, ko mai garka ko mashayar dabbobi.

Lokacin da ya fi dacewa

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin da ya fi daɗi. Ruwa na nan da yawa, garake sun yi kore, tsuntsayen ƙetare sun iso, zafi kuma ya sauka. Abin lura shi ne hunturu: da sassafe akwai sanyi a bakin ruwa, wasu ranaku kuma hazo na rufe ko'ina, don haka a ɗauki rigar sanyi ga yara da rawani ko mayafi. A Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, ruwan ya ja baya, sai taɓo. Da damina wurin na da kyan gani, amma sauro ya yi yawa, ƙoramu kuma kan tare ƙananan hanyoyi ba zato.

Hanya da abin hawa

Hanyar da ta ratsa Tabalak ita ce ake kira hanyar uraniyom, wadda aka shimfiɗa a ƙarshen shekarun 1970 domin haɗa Tawa da Agadas da Arlit. Manyan motoci sun daɗe suna cin ta, don haka kilomita 50 na iya ɗaukar awa guda ko fiye. Ƙananan motocin haya da ke zuwa Abalak na sauke fasinja a Tabalak, kuma sai sun cika suke tashi, shi ya sa ake son a je tasha da wuri. Idan gida biyu ko abokai suka haɗa kuɗin mai suka tafi a mota ɗaya, abin da kowa zai biya ya ragu, kuma lokacin dawowa yana hannunsu.

Batun tsaro ba abin wasa ba ne. Tun 2017 gundumomin Tiliya da Tasara, a arewacin jihar, ke ƙarƙashin dokar ta-ɓaci. Tabalak ba ya cikin waɗannan biyu, amma hali kan canza. Kafin a tashi, a tambayi direbobin tasha da ƴan uwa mazauna can yadda hanya take, a kuma saurari sanarwar hukumomi a rediyo. A riƙe katin shaidar ɗan ƙasa saboda shingayen jami'an tsaro. A tafi da rana, a dawo kafin magariba, kada a bar kwalta a kutsa daji.

Abinci

Abin da ya fi jan matafiya a Tabalak shi ne kifi. Mata na soya shi a bakin hanya, a barbaɗa yaji, a haɗa da albasa da tumatir na garakan wurin. Mai son ya rage kuɗi sai ya je wajen masunta da safe, lokacin da suke fitowa da kamu, ya zaɓi nasa, ya yi ciniki, sannan ya biya ladan suya daban. Kifi mai kyau ana gane shi da idonsa mai haske, da jan da ke ƙarƙashin kunnensa, da tsokar da ba ta lotsawa idan an danna. Wanda zai kai tsaraba gida, gara ya sayi bandataccen kifi ko soyayye, domin ɗanye ba ya jure zafin mota in babu ƙanƙara.

Ana samun fura da nono a wajen matan Fulani, da cuku, wato busasshen nono da matan makiyaya ke shanyawa falle-falle a kan ƴar tabarma, wanda ake ci da shayi ko a daka a cikin fura. Ruwan sha kuwa a taho da shi daga gida. Haka ma tabarma, da butar shayi, da gawayi. Waɗannan ƙananan abubuwa ne ke sa kuɗin yini ya tsaya a kan mota da kifi kawai.

Hutawa da kiyaye lafiya

Hutun Tabalak na zama ne a inuwa, da hira, da kallon ruwa. Da hantsi ana ganin garken shanu na gangarowa mashaya, da la'asar tsuntsaye na komawa makwanci. Wasu masunta na yarda su zagaya da baƙo cikin kwalekwale. A daidaita kuɗi kafin a shiga, kada a cika jirgin fiye da abin da mai shi ya ce, kuma kada a shiga da ƙananan yara ko a lokacin iska.

Wanka a tafkin bai dace ba. Ruwan da ke kwance irin wannan shi ne mazaunin ƙananan katantanwa masu ɗauke da tsutsar tsargiya. Tsutsar na shiga ta fata yayin wanka ko wasa a ruwa, bayan wani lokaci sai a ga jini a fitsari, musamman ga yara. Akwai maganinta a likita, amma rigakafi ya fi. Ga kuma haɗarin nutsewa, domin ƙasan tafkin taɓo ne kuma zurfinsa ba ɗaya ba ne. Da na gaba ake gane zurfin ruwa: inda mutanen gari suka ce kada a taka, kada a taka. Kamun kifi sana'a ce mai izini daga ma'aikatan ruwa da gandun daji, harbin tsuntsaye kuma ba abin da baƙo zai sa kansa ba ne.

Rana ta biyu: sayayya a Tawa

Wanda ya yini a Tabalak ranar Asabar, sai ya kwana a gida, ya wayi gari a babbar ranar kasuwar Tawa, wato Lahadi. A ranar ce mutanen ƙauyukan Adar da makiyayan Azawak ke shigowa da kayansu: cuku, man shanu, tabarmi, igiyoyi, fatu da dabbobi. Albasar Galmi, wadda sunanta ya kai har kasuwannin Abijan da Akara, amfanin jihar ce, kuma ta fi araha a lokacin da aka cire ta daga garaka. Kilishi ma tsaraba ce mai jure tafiya.

A cibiyar masu sana'ar hannu ta birnin ana samun aikin dukawa da na maƙeran farfaru: takalma, jakunkuna, alabe, matasan fata, zobba da sarƙoƙin azurfa. Cikin tambarin azurfa na Abzinawa da ake dangantawa da garuruwan Nijar, akwai mai sunan Tawa, akwai mai sunan Abalak. Saye daga hannun mai aikin ya fi sauƙi, kuma mai saye na iya tambayar irin fatar ko irin ƙarfen da aka yi amfani da shi. Ciniki al'ada ce, sai dai a tuna cewa raguwar baƙi ƴan yawon buɗe ido ta taɓa waɗannan masu sana'a ƙwarai, yanzu da ƴan gida suka dogara.

Idan tafiyar ta dace da lokacin wasa, ana iya rufe ranar a filin kokawa na Hamidin Maiɗare. A Tawa ne aka yi gasar kokawa ta ƙasa ta farko a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya lashe.

Abin da ke barazana ga tafkin

Ƙoramun da ke cika tafkin su ne kuma ke kawo masa rairayi. Duk inda aka sare itatuwa a kan tuddai, ruwa na kwasar ƙasa ya zuba a kwari, tafkin ya riƙa cikewa yana rasa zurfi, ruwa marar zurfi kuma rana na saurin shanye shi. A yankin Keita mai maƙwabtaka, aikin farfaɗo da ƙasa da aka soma a 1984 da tallafin Italiya ya nuna cewa jera duwatsu, da haƙa ramukan tare ruwa, da dasa itatuwa na rage wannan ɓarna. Yawan masu buƙatar ruwan, tsakanin manoma da makiyaya da masunta, shi ma nauyi ne a kansa.

Baƙo na yini ɗaya ba zai tare rairayi ba, amma akwai abin da ke hannunsa. Ya kwashe ledarsa da robobinsa ya koma da su, domin dabbobi na haɗiye leda su mutu, kuma tun 2014 Nijar ke da dokar da ta hana shigo da irin ledar da ba ta ruɓewa. Kada ya karya reshe don hura wuta. Kada ya ratsa garkar wani sai da izini, kada ya ɗauki hoton mata ko makiyaya bai tambaya ba. Ya gaida mutanen da ya tarar, ya sayi kifinsa da albasarsa a hannunsu, domin kuɗin ya zauna a garin da ke riƙe da tafkin.