Manyan Halaye Biyar

Manyan Halaye Biyar tsari ne na ilimin halayyar ɗan Adam da ake koyarwa a jami'o'i don auna ɗabi'ar mutum. Halayen su ne sha'awar sabon abu, tsare aiki da cika alkawari, son shiga jama'a, sauƙin kai, da saurin damuwa.

Daga ƙamus tsarin ya samo tushe. A 1936 Gordon Allport na Jami'ar Harvard da Henry Odbert suka bi ƙamus ɗin Turanci na Webster kalma bayan kalma, suka tsamo kalmomi kusan 18,000 masu siffanta mutum. Tunaninsu shi ne, duk halin da jama'a suka damu da shi, harshensu zai raɗa masa suna. Raymond Cattell ya tace su zuwa halaye 16, sannan Lewis Goldberg, Paul Costa da Robert McCrae suka tsaya a kan biyar.

Kowane mutum yana da rabonsa a cikin biyar ɗin, wani kaɗan wani da yawa.

Amma ba ko'ina tsarin ya zauna daram ba. Binciken da aka wallafa a 2013 kan mutanen Tsimane na Bolibiya bai gano biyar ɗin a sarari ba.