KUJERAR LIKITA A BAKIN FAGEN DAMBE

Ranar wata Juma'a da yamma ina zaune a tsakar gida ina tsintar shinkafa, sai ga ƙanena ya shigo da farar rigarsa ta asibiti rataye a kafaɗa. Aji biyar yake a karatun likita. Ya gaida Inna, ya jawo kujera 'yar tsugunne ya zauna kusa da ni, ya ce, "Yaya, shawara na zo da ita. Ni da abokaina uku muna so mu riƙa zuwa gidan dambe duk Asabar da Lahadi, muna duba waɗanda suka ji ciwo."

Inna ta ɗago kai ta ce, "Gidan dambe? Asibitocin garin nan duka sun ƙare ne?"

Ya yi dariya ya ce, "Inna, a asibiti mu goma sha biyu ne a kan gado ɗaya, na baya sai leƙe. Shekara biyar ina karatu, amma ɗinkin da na yi da hannuna bai kai goma ba. A can kuwa ba a tashi sai an fasa gira, an karya hanci, wani ya goce kafaɗa. Ai gani ya kori ji."

Ni dai ban ce masa e ba, ban ce a'a ba. Sai maganar ta tsaya mini a rai, har na shiga bin tarihin wannan kujera da yake sha'awa, wato kujerar da likita ke zama a bakin fage. Abin da na tarar shi ne nake son in ba ka labari, ya kai mai karatu, domin ba ƙanena kaɗai ke da wannan buri ba.

Da farko dai, yaron nan ba shi ya fara ba. Malamanmu masu karanta littattafan ɗibbu na Larabci sun san sunan Jalinus. An haife shi a shekara ta 129 Miladiyya a birnin Fargamon, wanda kufansa ke ƙasar Turkiyya a yau. Tun yana ɗan shekara 16 ya fara karatun likita, ya yi yawon neman ilmi har Iskandariya ta Masar. A zamanin nan ba a yarda likita ya fede gawar mutum ba, saboda haka birai da aladu yake fedewa yana kwatantawa. To a shekara ta 157, yana da shekara 28, sai ya dawo gida aka naɗa shi likitan mayaƙan wasa. Su waɗannan yawancinsu bayi ne da fursunoni da ake ba takobi da garkuwa, a sa su su gwabza a gaban dubban 'yan kallo don nishaɗi kawai.

A nan Jalinus ya ga abin da karatun shekara goma bai nuna masa ba. Takobi ya kan buɗe masa cinya ya ga yadda tsoka ta kwanta, ya buɗe masa ciki ya ga hanji. Ya koyi ɗinke tsoka, ya riƙa rufe rauni da ƙyalle jiƙe da ruwan inabi. Wajen shekara huɗu ya yi a wannan aiki, sannan a 162 ya tafi birnin Rum, har ya zama likitan Sarki Markus Oriliyus. A ƙarni na 9 Hunainu bin Ishaƙ da almajiransa suka juya littattafansa da yawa zuwa Larabci a Bagadaza, daga nan iliminsa ya yi fiye da shekara dubu ana karanta shi gabas da yamma.

In ka tsaya nan sai ka ce to ai ƙanena ya yi gaskiya. Ya yi gaskiya kam, amma rabi. Larabawa suna da wata magana a kan mai koyon aski a kan maraya, don in ya yanke shi ba mai bin kadi. Mutanen da Jalinus ya koyi aiki a jikinsu ba su da bakin cewa a'a. Ba shi da ikon tsayar da faɗa, aikinsa ya gyara wanda bai mutu ba don a sake tura shi fage. Sunansa ya kai gare mu, sunayen waɗanda ya ɗinka kuwa sun bi iska.

An daɗe ƙwarai kafin a fara tunanin shi kansa mai faɗan. Damben Turawa da muke kira boksin, da can a Ingila da tsurar hannu ake yin sa, kuma ba iyaka ga yawan turmi. A 1743 wani gwanin dambe mai suna Jack Broughton ya tsara dokoki, ciki har da hana dukan wanda ya faɗi. A 1867 aka fito da dokokin da ake kira na Queensberry: safar hannu mai kauri, minti 3 ga kowane turmi, minti 1 na hutu, da ƙirga goma ga wanda ya faɗi. Safar ta rage fashewar fuska da karayar yatsu, amma fa ta ba ɗan dambe damar dukan kai da dukkan ƙarfinsa ba tare da tsoron hannunsa ba. Raunin da ido ke gani ya ragu, wanda ba ya gani yana nan.

Masu zuwa kallo sun daɗe da lura cewa tsofaffin 'yan dambe su kan koma tafiya kamar mashaya. A 1928 wani likitan binciken gawa a jihar New Jersey ta Amurka, Harrison Martland, ya rubuta wannan a mujallar likitoci: jan ƙafa, rawar hannu, nauyin baki, rikicewar tunani. Ya ce yawan naushi ne ke taɓa ƙwaƙwalwa. A 1973 wasu likitoci a Ingila ƙarƙashin John Corsellis suka duba ƙwaƙwalwar tsofaffin 'yan dambe 15 bayan sun mutu, suka ga ɓarnar da idonsu.

Wannan ita ce cutar da ke zuwa sannu a hankali. Akwai kuma mai zuwa farat ɗaya, kuma ita ce ta fi shafar mai zama a bakin fage. Ƙanena da kansa ya yi mini bayaninta da ƙwarya da ƙwai. Ƙwaƙwalwa tana cikin ƙoƙon kai ne tana lilo cikin ruwa. In aka naushi haɓa kai ya juya da ƙarfi, sai ƙananan jijiyoyin jini da ke tsakaninta da ƙoƙon su tsinke, jini ya fara taruwa. Ƙoƙon kai kuwa ƙashi ne, ba ya buɗawa, saboda haka jinin sai ya danne ƙwaƙwalwa. Abin tsoron shi ne mutum zai iya miƙewa ya yi magana har ya yi dariya, can sai ciwon kai, sai amai, sai baƙin ido ɗaya ya fi ɗaya girma, sai suma. Daga nan kowane minti ɗaya tsada gare shi.

Shekarar 1982 ta nuna wa duniya wannan har sau biyu. A watan Yuni, a birnin Landan, wani ɗan Nijeriya da ake kira Young Ali ya kara da Barry McGuigan na ƙasar Ayilan. Ya faɗi a turmi na shida, ya shiga doguwar suma wata da watanni, bai farfaɗo ba har ya rasu. Abin ya tsaya wa McGuigan a rai, har da ya ci kambun duniya a 1985 ya sadaukar da nasarar ga mamacin. Sai kuma ranar 13 ga Nuwamba, a Las Begas ta Amurka, Kim Duk-koo na Koriya ta Kudu ya faɗi a turmi na 14 a hannun Ray Mancini, bayan 'yan kwanaki ya cika. Ba a yi shekara ba mahaifiyarsa ta kashe kanta, alƙalin wasan ma haka. Bayan wannan ne hukumar dambe ta WBC ta rage faɗan kambun duniya daga turmi 15 zuwa 12, sauran hukumomi suka biyo baya kafin ƙarshen 1988.

To, in akwai likita a wurin shi ke nan an tsira? Labarin Michael Watson ya ba da amsa. Ranar 21 ga Satumba 1991 ya kara da Chris Eubank a filin ƙwallo na White Hart Lane a Landan. A ƙarshen turmi na 11 ya sha wani naushi ta ƙarƙashin haɓa, a na 12 aka tsayar da faɗan, sai ya yanke jiki ya faɗi. Akwai likitoci a wurin. Abin da babu shi ne kayan zura wa mutum bututun numfashi a ba shi iskar oksijin nan take, da wanda ya ƙware a yin hakan. Sannan asibitin farko da aka kai shi ba a tiyatar ƙwaƙwalwa, sai da aka sake ɗaukarsa zuwa wani. Ya yi kwana 40 a sume, aka yi masa tiyata sau shida, ya yi shekaru a keken guragu. Ya kai hukumar damben Birtaniya ƙara, a 1999 kotu ta ce hukumar ta yi sakaci, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2000. A 2003 ya taka tseren nan mai nisa na Landan da ƙafarsa, ya gama cikin kwana shida.

Wahalar Watson ba ta tafi a banza ba. A 1998 wani matashi, Spencer Oliver, ya faɗi da irin wannan ciwo a Landan ɗin dai. Wannan karon akwai masu aiki da kayan aiki a bakin fage, nan take aka sa shi barci aka riƙe masa numfashi, aka wuce da shi inda za a yi masa tiyata. Ya tashi da hankalinsa da ƙafafunsa. Bambancin da ke tsakanin mutum biyun nan shiri ne kawai. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Saura abu ɗaya da kayan aiki ba sa bayarwa, shi ne ƙarfin zuciya. Ferdie Pacheco ya yi shekaru yana likitan Muhammad Ali. A 1977, bayan dukan da Ali ya sha a hannun Earnie Shavers, ya ce masa ya ajiye dambe haka nan. Ba a ji maganarsa ba, sai ya bar aikin, ya bar kuɗi da suna. Ali ya ci gaba har 1981, a 1984 aka tabbatar yana da ciwon rawar jiki na Parkinson, ya zauna da shi har rasuwarsa a 2016. Ka ga aikin likitan fage ke nan. Mai shirya wasa yana son kuɗin ƙofa, 'yan kallo suna son su ga an kai mutum ƙasa, shi ɗan damben kansa zai rantse maka lafiyarsa ƙalau. A duk taron nan mutum ɗaya ne aka ajiye don ya ce a tsaya, kuma ba wanda zai tafa masa.

Yanzu mu dawo gida. Mu ma muna da namu damben tun kaka da kakanni, sana'ar mahauta ce da ake yi da kaka bayan an kawar da amfanin gona. Hannu ɗaya a naɗe shi da ƙyalle da igiya, ɗayan garkuwa, turmi uku, kalangu na tashi. Wa bai san Shago ba, da mawaƙinsa Ɗan Anace? In mutum ya kai ƙasa mu kan ce an kashe shi, ko da yake wasa muke nufi. Ina yarinya na yi tallan gyaɗa a bakin irin wannan fage. Abin da na gani da idona, in ƙato ya faɗi, sai 'yan ɓangarensa su ruga su ciccibe shi kai na reto, a kwara masa ruwa, a yi masa fifita, in ya buɗe ido a ce namiji ne. In karaya ce a kai wa maɗori, kuma ba na raina maɗori, sun san aikinsu. Amma jinin da ke taruwa a cikin ƙoƙon kai ba ɗori gare shi ba, ba tofi. Ban taɓa tambayar kaina inda waɗancan samari suke kwana a daren ba, sai yanzu.

Saboda haka da ƙanena ya dawo jin amsa, sai na ce masa, "Ka je, ban hana ka ba, wurin yana bukatar irinku. Amma kada ku je ku kaɗai ku huɗu ɗalibai, ku nemi cikakken likita ku tsaya a bayansa, shi ke da izinin taɓa mutum. Kafin a buga kalangu ku san motar da za ta ɗauki wanda ya faɗi, ku san asibitin da ake tiyatar kai, ku san hanyar da ba ta da cunkoso. Ku zauna da sarkin dambe da iyayen gidan yaran nan ku yi magana cikin ladabi, a yarda tun farko cewa wanda ya suma ba zai koma fage ranar ba. In ba a yarda ba, ku dawo gida."

Ya ce, "Yaya, ai in haka ne ɗinkin da nake nema ba lallai in samu ba."

Na ce, "Ɗinki ka same shi ko ba daɗe ko ba jima. Yaron da za ka ɗinka ɗin ba maraya ba ne, yana da uwa a gida tana jiran ya shigo, kamar yadda Inna ke jiranka."

Inna da ke jin mu ba ta ce uffan ba, sai da ya tashi tafiya ta ce, "In ka je ka riƙa tambayar sunansu."

Ni ma abin da zan roƙi duk ɗalibin likita mai irin wannan buri ke nan. Neman ƙwarewa ba laifi ba ne, da koyo akan iya. Amma kujerar da kake son zama a kai, rayukan Young Ali da Kim da lafiyar Watson aka biya kafin a ajiye ta, kuma don wanda ke cikin fage aka ajiye ta. Allah Ya ba ku ilmi mai amfani, Ya tsare 'ya'yan mutane, amin.