Bambancin dutsen yashi da dutsen wuta: misali daga Jambutu

Unguwar Jambutu da ke Jimeta, a Ƙaramar Hukumar Yola ta Arewa, tana zaune ne a kan wani dutse da masana ilimin duwatsu ke kira dutsen yashi na Bima, wanda ya samo sunansa daga Dutsen Bima na Jihar Gombe. Shi ne kuma ake hange a tsaunukan Bagale, a ƙetaren Kogin Binuwai. Wannan dutse yana cikin rukunin duwatsun da suka samu ta hanyar taruwa: ruwa ya kwaso yashi da tsakuwa da laka ya jibge su, wani bisa wani, har nauyi da tsawon zamani suka manne su. Hakan ya faru fiye da shekaru miliyan 100 da suka shuɗe, lokacin da Afirka ke rabuwa da Kudancin Amurka, ƙasa ta tsage ta haifar da kwarin Binuwai.

Dutsen wuta kuwa daga narkakken dutse yake samuwa. Idan ya huce sannu a hankali a can ƙarƙashin ƙasa, sai ya zama giranayit mai manyan ƙwayoyi masu ƙyalli, irin na tsaunukan Mandara da Alantika, wanda shekarunsa suka kai kimanin miliyan 600. Idan aman wuta ya fito da shi fili ya huce da sauri, sai ya zama baƙin dutse mai ƙananan ƙwayoyi, kamar na yankin Song da tudun Biu.

Ido kaɗai yakan iya raba su. Dutsen yashi yana da layi-layi a jikinsa, kuma sau da yawa idan aka murza shi sai rairayi ya zubo. Giranayit ba shi da wannan layi, domin ƙwayoyinsa sun sarƙe da juna tun suna hucewa. Burbushin halittun dā ma a duwatsun taruwa ake samun sa. Zafin narkakken dutse ba ya barin komai.

Inda bambancin ya fi shafar jama'a shi ne ruwan sha. Tsakanin ƙwayoyin dutsen yashi akwai ƙananan kofofi da ke riƙe ruwa, shi ya sa rijiyoyin burtsatse na Jimeta da Yola suka dogara da dutsen Bima da kuma yashin bakin kogi. A ƙasar giranayit, kamar wuraren Hong da Mubi, sai mai haƙa ya dace da tsaga a jikin dutsen ko wurin da ya ruɓe, in ba haka ba kuɗinsa ya tafi a banza. Sai dai wannan falala tana da haɗari, kuma ba a cika kula da shi ba: ƙofofin da ke shigar da ruwan sama su ne ke iya shigar da ƙazantar masai da ta juji, musamman a rijiyoyi marasa zurfi a unguwanni masu cunkoso da ke kusa da Tafkin Geriyo.

A wajen gini, giranayit ne ya yi zarra. Ƙarfinsa ya sa ake fasa shi tsakuwa domin kankare da shimfiɗa hanya. Amma simintin da ake kwaɓawa da tsakuwar daga dutsen taruwa yake fitowa, wato dutsen farar ƙasa irin wanda ake haƙowa a Ashaka ta Jihar Gombe.