Imam Gazali, Nizamiyya da Ilimin Kimiyya

Da wuya a sami zauren karatu a ƙasar Hausa da ba a san littafin Ihya'u Ulumiddin ba. Sai dai kaɗan ne daga cikinmu suka san cewa mawallafinsa, Imam Abu Hamid al-Gazali, ya yi zamani yana malamin babbar makaranta mai cin albashin hukuma, kuma ya yi magana ƙarara a kan abin da a yau muke kira kimiyya. Wannan ɓangare na tarihinsa ya shafe mu, musamman 'yan uwa mazauna birane waɗanda 'ya'yansu ke jami'a, suna dawowa hutu da tambayoyi masu ɗaure wa dattawa kai.

An haife shi a garin Tus, cikin ƙasar Iran ta yau, a shekarar 1058. Ya yi karatu a Naisabur wajen Imamul Haramaini al-Juwaini. A 1091 wazirin Saljukawa, Nizamul Mulki, ya naɗa shi malami a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, wadda wasu makarantun Islamiyya na ƙasarmu suka ari sunanta. Ba jami'a ba ce irin ta yanzu, amma tana da wakafi da ɗakin littattafai da tallafin ɗalibai, kuma shi da kansa ya ce almajiransa sun kai 300.

A can ne ya duƙufa kan littattafan masu falsafa irin su Farabi da Ibn Sina, har ya wallafa Tahafutul Falasifa, inda ya ƙalubalance su a kan mas'aloli 20. Uku daga ciki ya hukunta da kafirci: cewa duniya ba ta da farko, cewa Allah bai san daki-dakin abubuwa ba, da musun tashin jiki ranar alƙiyama. Duk ukun aƙida ce. Babu lissafi ko magani a ciki.

Abin da ya ce game da lissafi shi ya fi cancantar a tsaya a kai. Ya kawo misalin husufi. Masana sun bayyana cewa wata kan shiga inuwar duniya, ko kuma ya gitta tsakanin duniya da rana, suna ma iya faɗin lokacin tun kafin ya zo. A ganin Gazali, wanda ya musa wannan da sunan kare addini ya cuci addinin, domin mai ilimin da ya tabbatar da hujjarsa ba zai yi shakkar lissafinsa ba, addinin zai koma yi wa shakka. Mu da muka ga husufin rana na 29 ga Maris, 2006, wanda aka sanar da ranarsa da sa'arsa tun da wuri, mun ga zahirin maganarsa. Amma bai ƙyale ɗalibai ba su ma: ya yi gargaɗi kada ƙwarewar mutum a lissafi ta sa a bi shi ido rufe a sha'anin tauhidi, don kowane fage da gwanayensa.

A cikin Ihya kuwa ya sanya likitanci da lissafi cikin farilla ta kifaya, wato idan gari ya rasa mai yinsu kowa ya yi laifi. Har ya koka da yadda ake rububin fiƙihu saboda muƙamin alƙalanci da kula da wakafi, alhali garuruwa da yawa ba su da likita Musulmi. Kwamitinmu na tallafin karatu zai amfana da sake duba wannan babi.

Wasu marubutan Turai sun ɗora masa alhakin durƙushewar kimiyya a ƙasashen Musulmi, suna kafa hujja da ra'ayinsa cewa ba wuta ce da kanta ke ƙone auduga ba, Allah ne ke halittar ƙonewar idan sun haɗu. Ibn Rushd na Andalus ma ya yi masa raddi mai zafi. A ganinmu zargin ya yi yawa, tunda bayan rasuwarsa ne aka gina ɗakin nazarin taurari na Maraga a 1259, kuma Ibn Nafis, wanda ya rasu a 1288, ya bayyana yadda jini ke bi ta huhu.

Dangantakarsa da makarantar kuwa ba ta tafi sumul ba. A 1095 harshensa ya ɗaure, ya kasa ba da darasi, domin ya gane neman suna ne ke tuƙa shi. Ya bar kujerar, ya nufi Dimashƙa da Ƙudus, ya yi Hajji, ya kuma ɗauki alkawarin daina karɓar kuɗin sarakuna. Sai a 1106, bisa matsin ɗan Nizamul Mulki, ya koma koyarwa a Nizamiyyar Naisabur na ɗan lokaci, sannan ya koma Tus, inda ya ci gaba da karantarwa a tasa makarantar har Allah Ya yi masa rasuwa a 1111.