Daga Kwalejin Katsina Zuwa Sabon Gida: Tarihin Tazarar Ɗan Zamfara da Jami'a

A wannan makon za mu waiwayi tarihin karatun gaba da sakandare a Zamfara, kuma za mu auna shi da ma'auni guda, wato nisan tafiyar da ɗalibi ke yi kafin ya iske aji.

A zamanin Turawa ƙasar Zamfara tana cikin Lardin Sakkwato. Yaron da ya yi fice a karatun boko, iyakar burinsa a tura shi Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a farkon shekarun 1920. Jami'a kuwa babu ita a Nijeriya sai 1948, da aka kafa Kwalejin Jami'a ta Ibadan. Daga nan Jami'ar Ahmadu Bello ta zo Zariya a 1962, sannan Jami'ar Sakkwato a 1975, wadda yau muke kira Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Kowace ta rage tafiya, amma duk da haka sai mutum ya bar gida. Masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, wanda da yawanmu muka koyi nazarin waƙar baka daga littattafansa, a Jami'ar Bayero ta Kano suka yi aikinsu.

Wa nisan ya fi cuta? Ɗan talakan da ba shi da kuɗin mota da na abinci, da 'ya mace da iyaye ba za su sake ta tafi wani gari ba. Shi ya sa makarantun da suka biyo baya suke da muhimmanci. An kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Ƙauran Namoda a 1983. Gusau ta samu Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta koyar da fasaha, wadda aka keɓe wa mata zalla, abin da ya kwantar wa iyaye da yawa hankali. Tsafe kuma ta zama gidan kwalejin horar da ma'aikatan lafiya ta jiha.

An ƙirƙiro Jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoba, 1996, amma sai da ta shekara 17 ba ta da jami'a. A 2013 gwamnatin Goodluck Jonathan ta kafa Jami'ar Tarayya ta Gusau tare da na Birnin Kebbi da Gashuwa, don kowace jiha ta samu ta tarayya. Mazauninta yana kan hanyar Zariya, daura da Sabon Gida a ƙaramar hukumar Bunguɗu. A 2018 jiha ta ƙara tata a Talatar Mafara. Tafiyar kwanaki ta koma ta kuɗin mashin.

Sai dai Hausawa sun ce ba a nan gizo ke saƙa ba. A Afrilun 2022 'yan bindiga suka sace ɗalibai mata na kwalejin Tsafe. A Satumbar 2023 suka shiga Sabon Gida da dare suka kwashe ɗaliban jami'a sama da 20, galibinsu mata. A duka biyun, a gidajen da ke wajen makaranta aka same su. Aji ya matso kusa, amma wurin kwana mai tsaro bai biyo shi ba. Uban da ya hana 'yarsa zuwa Zariya saboda nisa, yau yana iya hana ta zuwa Sabon Gida saboda tsoro, kuma sakamakon ɗaya ne.

Abin da tarihin nan ke nuna mana shi ne, buɗe ƙofar jami'a bai tsaya ga sa hannu a takarda da gina ajujuwa ba. Ya haɗa da ɗakin kwana, da hanya mai aminci, da amincewar iyaye.

Mu masu koyon rubutu, ga aiki a gabanmu. Malamai mata na farko da suka fito daga kwalejin Gusau suna nan cikinmu. Haka tsofaffin da suka hau jirgin ƙasa zuwa Zariya neman ilimi. Mu zauna da su, mu tambayi shekara da suna da kuɗin makaranta, mu rubuta tun suna raye. Allah Ya ba Zamfara zaman lafiya.